Sahu Biyun da Ba a Sace Ba

Malam Edita, lokacin da abin nan ya faru shekarata ashirin da bakwai, ina da difloma a zanen gine-gine, da kwamfutar tafi-da-gidanka 'yar gwanjo, da wani ɗan shago a Batsari kusa da tasha wanda allon da na kafa masa ya fi ƙofarsa girma. Injiniya nake sa a kira ni, alhali ko takardar tawa ba ta kira ni da wannan suna ba. Ina da farar hular kwano da nake ɗaurewa a bayan babur, har gidan suna nake zuwa da ita, sai ka ce akwai bulon da zai faɗo mini a ka a wurin rabon goro. Aikina shi ne in zana wa mutum gidansa a kwamfuta, ya gan shi tsaye da ƙofa da taga tun ba a haƙa harsashi ba, in riƙa juya masa shi gaba da baya yana salati. Wannan salatin shi ya lalata ni. Na kai matsayin da duk maginin da bai yi boko ba, a wurina ɗan kwaɓa laka ne kawai, ko da ya gina rabin gari kafin a haife ni. Ba zan faɗi sunana ba, ba kuma zan faɗi na kowa ba, waɗanda suka san labarin za su gane mu.

Ƙauyen mahaifiyata yana can ta wajen Tsaskiya a ƙasar Safana. Wata damina mai ƙarfi ta kwantar da bangon tsohon masallacinsu na ƙasa, sai mutanen gari suka yi shawarar tayar da na bulo. Manoma suka ba da gero da gyaɗa, Fulanin da ke zaune a gefen gari suka ba da bijimai biyu, aka kafa kwamiti, aka ɗora wani Alhaji mai sayen hatsi a kai, ba don ya san gini ba, sai don muryarsa ta fi ta kowa ƙarfi. Shi ya aiko a kira ni, wai tunda ɗan 'yarsu ya yi karatun abin, me zai kai su Katsina neman bare. Wanda zai yi ginin kuwa ba a ma tsaya shawara ba, domin magini ɗaya gare su, wani dattijo da kowa ke ce wa Baba. Shi ya gina ɗakin da mahaifiyata ta tashi a ciki. Ya ce ba zai karɓi ladan aiki ba, yana so wannan ya zama gininsa na ƙarshe, ya tafi da shi gaban Allah. Baba bai san mita ba. Wata tsohuwar igiyar rama gare shi da yake ƙullawa, kowane ƙulli sahu ɗaya ne, wato iyakar wurin da mutum zai tsaya ya yi sujada bai tunkuyi dugadugan na gabansa ba. Ranar da na fara ganin igiyar sai da na juya baya na yi dariya.

Dole in ɗan yi bayanin manhajar da muke zane da ita, in ba haka ba ba za a gane wautar da na tafka ba. Duk abin da ka taɓa a cikin zanen, bango ne ko ginin gaba ɗaya, manhajar tana kewaye shi da wani akwati na siraran layuka, ta rubuta maka tsawonsa da faɗinsa. Sai dai akwatin nan ba gini ya sani ba, abin da ya sani kawai shi ne inda abu na ƙarshe ya tsaya. In ka zana ɗaki ka manta da wani ɗan ɗigo can nesa da shi, akwatin zai miƙe har ya haɗiye ɗigon, ya ce maka girman ɗakin ke nan. Duk ɗan koyo ya san wannan a watansa na farko. Ni ma na sani, har jarrabawa na ci a kansa.

Na zana masallacin, zurfinsa daga bangon yamma zuwa na gabas mita goma sha biyu. Sai maganar alƙibla ta taso a kwamiti, samari na ta jujjuya wayoyinsu kowace tana nuna nata gabas ɗin, ni kuma neman suna ya motsa mini. Maimakon in yi 'yar kibiya kamar yadda kowa ke yi, sai na ɗora zanen a kan taswira, na ja layi ɗaya tun daga bangon gabas, ya ratsa Chadi da Sudan da teku, har Makka. Na kai musu suka gani. Alhaji ya yi kabbara sau uku, ya ce yanzu kam masallacinsu ɗaure yake da Ka'aba. Baba ya leƙa, ya ce layin ya yi daidai da inda tsohon masallacin yake kallo, gabas da ɗan karkata arewa, yadda kakanni suka ajiye shi da tauraro. Ban ji daɗin maganar ba, na rufe kwamfutata.

Daga ranar zanen ya haukace. In na ce manhajar ta nuna mini komai, sai allo ya yi fari fat, masallacin ya ɓace, sai ka ƙura ido sannan ka ga wani ɗigo da bai kai ƙwayar gero ba a kusurwa. In na taɓa ginin, akwatin ya ce tsawonsa dubban kilomita ne. Kwana biyu ina zagin wanda ya sayar mini da kwamfutar, na kai ta wurin mai gyara ya wanke ta tas, duk a banza. Ƙarshe dai na haɗiye girman kai na kira wata 'yar ajinmu da ke aiki a Katsina, wadda a makaranta nake ce wa ta je ta koyi zanen lalle, na tura mata fayil ɗin. Ba ta yi minti goma ba ta kira ni tana dariya, ta tambaye ni masallaci nake zanawa ko titin zuwa aikin Hajji. Ta ce in goge layin. Ta ce kuma kada in tsaya nan, in fito da duk abin da ke ɓoye a zanen, in raba shi gida biyu in cire rabi in ga ko akwatin ya koma daidai, in yi ta rabawa har in kama duk wani ɓataccen layi, sannan in gwada lambar akwatin da wadda na auna da kaina. Ni kuwa tun a kalmarta ta farko na danna dogon layin na goge, masallacin ya dawo ya cika allo, na ce mata dama na kusa ganowa, na kashe waya. Ko na gode ban ce ba.

Ranar fitar da harsashi na hau babur na bi hanyar nan ta ƙasa da ba mai binta don marmari a zamanin nan. Na buga wa kwamiti hoton masallacin mai launi, amma takardar awo ban buga ba. Baba ya roƙe ni in rubuta masa lambobin ko a takardar buhun siminti ne, wani zai riƙa karanta masa. Na ce takarda ba ta da amfani ga wanda bai san gabanta da bayanta ba, ya zuba ido kawai. Na ja tef ɗina a ƙasa, mita goma sha biyu, shi kuma ya bi da igiyarsa yana ƙullawa, ƙulli goma cif. Ya ce sahu goma ke nan, na ce ya kira shi duk abin da ya ga dama. Daga ni sai shi a wurin, sai leburori biyu da suka tafi cirani tun ginin bai yi nisa ba.

Wata biyar Baba ya yi yana gini, ban sake taka ƙauyen ba. Da aka kai linta, wato saman ƙofofi da tagogi, Alhaji ya kira ni ya ce a ba mai walda awon ƙarafunan rufi. Lokacin ina zanen wani gidan sama, ina ji da kaina. Na buɗe tsohon fayil, na taɓa bangayen, akwatin ya ce mita goma sha huɗu da ɗigo huɗu. Ban ja layin awo daga bango zuwa bango ba, aikin da bai kai shan kofin shayi ba. Na kwafi lambar na tura wa mai waldan, wani mutumin Batsari. Ya tambaye ni ko ba zai fi kyau ya je ya auna ginin da kansa ba, na ce in yana da man ƙonawa bismilla, amma awon injiniya ba ya neman shaida.

Wata Talata a-kori-kura biyu suka kai ƙarafunan, gari ya fito kallo, har mata na leƙe ta katanga. Aka ɗaga na farko da ƙyar aka ɗora, sai ga shi ya zarce bangon gabas da abin da ya fi tsayin mutum. Mai walda ya zaro wayarsa ya nuna saƙona, ya ce shi abin da aka ba shi ya yanka. Idanu suka dawo kaina. A nan, wallahi, sai da wani abu ya ɗan taɓa mini zuciya game da goma sha biyu, amma na danne shi. Na ɗora kwamfuta a kan mota, na taɓa ginin, akwatin ya fito da lambarsa, na juya wa jama'a allon. Alhaji ya sunkuya ya ƙura masa ido yana gyaɗa kai, mutumin da ko lambar wayar matarsa sai an danna masa. Ya ce to ga shi nan ƙarara, ginin ne ya gaza. Wani malamin makaranta ya duba ya ce abin da ya ɓace sahu biyu ne daidai.

Baba ya shiga gida ya ɗauko igiyarsa, ya shimfiɗa ta a gabana. Ya kira ni ɗan nan, ya ce in tuna, ni na ja tef shi ya bi da igiya, ƙulli goma muka yi. Na ce igiya ai ta ɗaurin akuya ce, kowa na iya kwance ƙulli biyu a cikin ɗakinsa. Aka yi dariya, dariyar ta ƙara mini ƙarfi, sai na faɗi maganar da har yau in na tuna ta abinci ke fita raina. Na ce kwamfuta ba ta ƙarya, domin ita ba ta da ɗakin da take ginawa a gida. Kowa a wurin ya san a shekarar nan Baba ya sayar da tumakinsa ya tayar wa ɗiyarsa da mijinta ya rasu ɗan ɗaki na bulo. Ban ce ya saci bulon masallaci ba, na dai ajiye musu maganar suka ƙarasa ta da kansu, kuma wajen ƙarasa irin wannan magana ba a koya wa mutanen nan aiki. Ko mutum ɗaya bai ce a tsaya a bincika ba. Mutumin da ya gina ɗakunan da aka haife su a ciki, gilashi mai haske ya fi shi daraja a wurinsu. Baba ya dube ni ya daɗe, ya naɗe igiyarsa, ya ce Allah Yana gani, ya nemi a bar shi ya kwashe cokalin gininsa da gudumarsa.

Kwamiti ya zauna ya yanke hukunci irin nasa, wai ƙarfe ya fi bulo tsada, don haka ba za a yanke ƙarfe ba, bango za a rushe a matsar. Yamma gidajen mutane ne, saboda haka bangon gabas ne zai tafi, wanda ke ɗauke da mihirabi, wurin tsayuwar liman, da Baba ya yi mako uku yana lanƙwasa bakansa da hannu. Aka sa ranar Asabar, aka ce in kawo birkiloli daga Batsari, in kuma zo da takardar awo a wannan karon.

Ranar Alhamis bayan Azahar na zauna a shago in fitar da takardar. Na ja layin awo daga bangon yamma zuwa na gabas. Goma sha biyu. Na sake ja, goma sha biyu. Na taɓa ginin, akwatin ya ce sha huɗu da ɗigo huɗu. Sai a lokacin na buɗe ido na dubi akwatin kansa maimakon lambarsa, na ga ya wuce bangon gabas ya rungumi fili, wurin da babu komai. Na yi abin da 'yar ajinmu ta ce in yi tun wata shida da suka wuce. Na fito da duk abin da ke ɓoye, na cire rabin yamma, gefen gabas na akwatin bai motsa ba. Na cire tagogi, na cire ƙofofi, na cire bangon gabas ɗin kansa, akwatin na nan yana kewaye da iska. Na kifa zanen na leƙa ƙarƙashin ƙasar da na shimfiɗa masa, sai ga shi kwance, siririn layi ɗaya. Ashe layin nan nawa na Makka, inda ya ratsa layin iyakar fili, manhajar ta raba shi biyu. Na goge dogon, guntun da ke tsakanin bango da iyakar fili ya yi zamansa, kuma da na haɗa bangayen wuri ɗaya na haɗa har da shi. Na taɓa shi na goge. Akwatin ya tsuke ya kama ginin cif, mita goma sha biyu, ƙulli goman Baba.

Malam Edita, da a nan labarin ya tsaya, da sai a ce kuskure ne. Amma ina da yini biyu a hannuna, ina da kati a waya, kira ɗaya zai tsayar da rushe bangon ya wanke dattijon. Na zauna ina dawo da layin ina gogewa, akwatin na kumbura yana tsukewa, ina tunanin abin da za a ce a Batsari, injiniyan da ya sa aka yanka ƙarfen masallaci a banza, wanda mai igiya ya fi shi. Na tuna gidan saman da nake zanawa, na tuna allon shagona. Aka kira La'asar, na je na yi salla na dawo, na kama bangon gabas a cikin zanen na ja shi mita biyu da ɗigo huɗu, na adana a kan tsohon fayil ɗin, na buga takarda mai kyau da hatimina a ƙasa. Da alwalata na yi wannan aiki. Duk mai shirin raina ni a kan haka ya makara, na riga shi.

Ranar Asabar birkilolin da na kawo suka zo da manyan gudumomi suna tauna cingam. Ana shirin farawa sai ga Baba, ba wanda ya kira shi. Na zaci rigima ya zo yi, har na matsa bayan Alhaji. Ashe roƙo ya zo yi, a bar shi ya sauke bakan mihirabin da kansa. Ya ce shi ya san inda kowane bulo ya kama ɗan'uwansa, in aka bi a hankali za a sami fiye da rabi lafiya a mayar da su, kayan masallaci ne, bai kamata a farfasa ba. Alhaji ya ce an gode, kayan masallaci sun ga hannunsa, ya isa haka. Baba ya koma gindin wata bedi ya tsuguna yana kallo har aka kwantar da bangon. Ni kuwa ina tsaye da farar hulata, takardar ƙarya a hammata, ina nuna musu inda za su haƙa.

Aka gama masallaci, aka yi walima, aka kira ni gaba aka yi mini addu'a. Aiki ya riƙa zuwa mini daga Safana har Darini, ana cewa a kira yaron nan da ya kama ɓarawon bulo da kwamfuta. Baba kuwa ko gyaran rumbu ba a sake kiransa ba. Na ji ya koma sahun ƙarshe kusa da takalma, daga baya ya riƙa takawa wani ƙauye sallar Juma'a. Ɗiyar tasa ta ƙi kwana a ɗakin da ake cewa na bulon sata ne. Kafin shekara ta zagayo ya tattara iyalinsa ya koma cikin garin Safana wurin ƙanensa. Mahaifiyata takan ce ita dai abin yana ba ta mamaki, mutumin da ko tsinken wani bai taɓa ɗauka ba, ni kuma in sauya magana.

Bakina ne ya tona ni. Bayan shekara ɗaya da rabi muka haɗu da 'yar ajin nan tamu a wani taron bita a Katsina, ana cin abinci ina ba da labarin ɓarawon bulo har da ƙarin gishiri. Washegari ta kira ni, ta ce fayil ɗin da na tura mata tun farko yana nan a kwamfutarta, ta buɗe ta auna, goma sha biyu ne, kuma ta ga inda layin ya rabu. Ta ce ba za ta kai wa kowa ba, ba kayanta ba ne balle ta ɗaukar mini. Ta kira ne kawai don in san akwai mutum ɗaya a duniya da ta san ko ni wane ne, kuma kada in ƙara zama kusa da ita a wurin cin abinci. Da zagina ta yi da ya fi mini sauƙi, amma ko murya ba ta ɗaga ba, ta yi sallama ta kashe wayarta.

Sai da na yi wata guda ina juya abin kafin na je Safana. Na sami Baba a zauren ƙanensa yana gyaran ƙotar fartanya, ya rame, ido ɗaya ya yi fari. Na tsuguna na gaishe shi, ya amsa da cikakkiyar gaisuwa, ya tambayi mahaifiyata da mutanen gida ɗaya bayan ɗaya, kamar ba abin da ya taɓa haɗa mu. Na faɗa masa komai, har da abin da na yi ranar Alhamis. Ban ga mamaki a fuskarsa ba. Ya ce shi ba labari na kawo masa ba, ai ya san abin da ya auna. Ya ce tsakaninsa da ni ya yafe, don yana da tafiya a gabansa, ba ya son kaya. Amma sunansa ba a zaure na karɓe shi ba, a gaban gari na karɓe, in ina da niyyar mayarwa sai in je can in mayar.

Na je. Ranar Juma'a bayan an sallame na miƙe a cikin masallacin, a daidai sahu biyun da ƙaryata ta gina, na roƙi jama'a su ɗan dakata. Ranar ƙarafuna gari duka ya tsaya a rana ba wanda ya gaji. Ranar nan kuwa kafin in kai ga bayanin akwati rabi sun sa takalma, wai damina ce, kowa na da gona. Na dai faɗi abin da na zo faɗa, na ce Baba bai taɓa bulo ko ɗaya ba, ni na yi kuskure, na gane shi, na ɓoye. Alhaji ya katse ni ya ce abin da ya wuce ya wuce, ai ga shi masallaci ya ƙaru, alheri ne Allah Ya kawo ta wannan hanya, a shafa fatiha. Ya san sarai in aka wanke Baba, shi da ya kore shi zai amsa tambaya. Ina fita na ji wasu na cewa dangin tsohon ne suka matsa wa yaron, wani ya ce a'a asiri aka yi masa, in ba haka ba ai da idonsu suka ga lambar a kwamfuta. Wato ni da na ƙirƙiri ƙaryar ban isa in karɓe ta daga hannunsu ba. Na hau babur na koma na faɗa wa Baba yadda aka yi, ya ce ya gode da na je. Har yau bai sake taka ƙauyen ba. Watan jiya a kasuwar Safana na ji wata mata tana ce wa mai awon gero ya cika mata mudu, kada ya yi mata irin awon maginin masallaci. Na tsoma baki na ce maginin nan bai ci komai ba, ni ne shaida. Ta dube ni sama da ƙasa ta ce ni kuma wa ya sa da ni, kowa ai ya san labarin.

Shi ya sa na rubuto. Ku abokan sana'ata, musamman masu irin kumburin kan da na yi, in akwati ya ba ku lamba ku dubi akwatin kafin ku dubi lambar. In ya fi ginin girma, to akwai abin da kuka yar a wani wuri, ku fito da ɓoyayye, ku raba zanen gida-gida har ku kama shi, sannan ku auna daga bango zuwa bango. Duk layin da kuka ja don burge mutane ku bi shi ku goge har gindinsa. Ku rubuta wa magini awonsa a takarda ko bai iya karatu ba, domin ita ce shaidarsa ranar da za ku juya masa baya. Ku kuma jama'a masu kabbara in an juya muku allo, ku ji kunya, ku riƙa tambayar wa ya zuba abin da ke ciki kafin ku tozarta wanda kuka sani shekara hamsin. Abin da ya fi duka, in ka gano kuskurenka ka faɗe shi a ranar, tun bangon yana tsaye. Ni na jira kusan shekara biyu, na je mayar da sunan mutum na tarar ba mai karɓa. Baba ya yafe mini, amma jikokinsa suna makaranta a Safana yanzu, kuma jikokin ɓarawon bulo ake kiransu.